Ɗaliba da zaɓen ƙungiya: ƙawance, ɗabi'a da aikin taimako

Kowace shekara, idan damina ta ja baya aka buɗe makarantu, tashoshin mota na Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela sukan cika da ƴan rakiya. Ƴan matan da suka ci jarrabawar bak ne ake sa wa albarka. Wasu za su hau hanyar Tawa, wasu su nufi Maraɗi ko Damagaram, wasu su yi tafiyar kilomita sama da 400 zuwa Yamai, kaɗan kuma su ƙetare iyaka zuwa Sakkwato. Iyaye sukan yi nasiha a kan karatu da salla da tsare mutunci. Abu ɗaya ne ba a cika tunawa da shi ba, alhali kuwa shi ne zai tarbi yarinya tun kafin ta san ƙofar ajinta, wato zaɓen mutanen da za ta zauna da su.

Domin kuwa sabuwar ɗaliba ba ta yin mako guda a jami'a ba a kawo mata goron gayyata ba. Ga ƙungiyar ƴan garinsu, ga ta ɗalibai baki ɗaya, ga ta addini, ga taron adashi na maƙwabtan ɗaki. Kowace tana cewa ita ce uwa ma ba da mama. Baƙuwa kuwa, ga kewar gida ga ƙarancin guzuri, sau da yawa wadda ta fara yi mata murmushi ita take bi.

Maganar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a shekara ta 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Ke nan ɗiyar da ta fito daga Tsarnawa ko Dogarawa ko Badagishiri har ta kai jami'a, ba ita kaɗai ta tafi ba: idon gari duka yana kanta. In ta dawo da takarda da mutunci, ta buɗe wa ƙannenta ƙofa. In ta dawo hannu wofi, da ita za a riƙa ba da misali duk ranar da wani uba ya so cire ɗiyarsa daga lakol.

Ƙawance ba baƙo ba ne

Haɗuwar mata don taimakon juna ba abin da boko ya kawo ba ne. A ƙasar Hausa, ƙawance alkawari ne da ake ƙullawa da saninsa, iyaye su sani, dangi su shaida. Ƙawa ce take tsayawa ranar aure da ranar suna, ita ce take kawo gudummawar biki, wadda al'ada ta tanadi a mayar mata da ninki ranar nata hidimar. Adashi kuma shi ne bankin mata tun kafin a san banki: kowa ta zuba, kowa ta jira kwasarta, uwar adashi ta riƙe amana.

Akwai kuma wani misali da ya fi kusa da maganar ɗalibai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta aka haife shi a shekara ta 1754, nan kusa da Galmi. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta kafa tsarin da ake kira Ƴan Taru. Takan zaɓi mata dattawa amintattu ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma su jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta don ɗaukar karatu. Matan sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da tufafi, a raba wa mabuƙata, su koma gida su koyar da ƴan uwansu, su kula da marasa lafiya. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai tarar da abubuwa uku a haɗe: ƙawance, da tarbiyya, da aikin taimako. Su ne har gobe ma'aunin kowace ƙungiyar mata.

Daga ƙungiyar gwamnati zuwa ranar 13 ga Mayu

Bayan da Janar Saini Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, an farfaɗo da samariya, aka kuma kafa ƙungiyar matan Nijar, wato AFN, a shekara ta 1975. A wancan zamani babu wani zaɓi mai yawa: ƙungiya ɗaya ce, kuma daga sama ake tsara ta. Ta yi aikin wayar da kai, ta buɗe gidajen koyon ɗinki da saƙa, to amma matan karkara da dama sun fi saninta da tarbar manyan baƙi.

Guguwar dimokuraɗiyya ce ta canza lamarin. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai 3 suka rasu. Wannan ya ƙara wa ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, wadda aka kafa tun 1960, nauyi a cikin kokawar neman sauyi. Ranar 13 ga Mayu 1991 kuma, da aka ga mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, sai dubban mata suka fito kan titunan Yamai, har sai da aka ƙara musu kujeru. Ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Daga nan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina, irin su RDFN a 1992 da haɗakar CONGAFEN a 1995. A shekara ta 2000 aka kafa dokar kason mata, wadda ta ware musu kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, aka ɗaga kason a 2014, aka sake ɗaga shi a 2019.

A cikin shekarar nan ta 1991 ne kuma hukumar CARE ta fara wani ɗan gwaji a jahar Maraɗi, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tsarin adashi aka ɗauko aka gyara. Mata kamar 20 zuwa 30, waɗanda suka zaɓi junansu da kansu, sukan haɗu kowane mako su zuba cikin asusu. Maimakon mutum ɗaya ta kwashe, sai a riƙa ba da rance a bainar kowa, a biya da ɗan abin da aka yarda a kai, bayan watanni a fasa asusu a raba. A ce mata 25 ne, kowace tana zuba dala 100 a mako: cikin mako huɗu sun tara jika 50, abin da zai isa jarin mai tuyar ƙosai da mai sarin albasa. Ana kuma ware wani ɗan kaso don rashin lafiya ko gobara ko rasuwa. Tsarin ya bazu zuwa jahar Tawa da sauran jahohi, ya ƙetare zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne mata da yawa suka fito takarar kansila a zaɓen ƙananan hukumomi. Ɗalibar da ta tashi ta ga uwarta tana zuwa taron asusu, ta riga ta ga darasi na farko: ƙungiyar kirki ita ce wadda ake ƙidaya kuɗinta a gaban kowa.

Yadda abin yake a Amurka

A jami'o'in Amurka, wannan zaɓi ya zama wata al'ada mai tsari da kalanda. Can akwai ƙungiyoyin ƴan'uwantaka na ɗalibai mata da ake kira sororiti, waɗanda galibi da haruffan Girkanci ake yi musu suna. Ta farko a garin Macon na jahar Jojiya aka kafa ta a 1851, ita ce daga baya ta zama Alpha Delta Pi. A 1902 wasu daga cikinsu suka kafa haɗakar da a yau ta ƙunshi ƙungiyoyi 26. A farkon shekarar karatu, sababbin ɗalibai sukan yi kwanaki suna zagaya gidajen ƙungiyoyin. Su suna aunawa, su ma ana auna su, har ranar da za a miƙa takardar gayyata. Wadda aka karɓa akan haɗa ta da wata babba da za ta zame mata ya.

Kowace ƙungiya tana da aikin taimakon da aka san ta da shi. Delta Gamma ta riƙe hidimar makafi, Pi Beta Phi ta riƙe yaƙi da jahilci, Delta Delta Delta tana tara wa asibitin yara masu ciwon daji na St. Jude da ke Memphis kuɗi. Baƙaƙen fata kuma, da yake ƙofofin nan a rufe suke gare su a da, sai suka kafa nasu. A jami'ar Howard ta birnin Washinton aka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris, mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, take cikinta. A nan ne kuma aka kafa Delta Sigma Theta a 1913, kuma aikinta na farko a fili shi ne shiga jerin gwanon neman ƴancin jefa ƙuri'a ga mata a watan Maris na wannan shekara. Zeta Phi Beta ta buɗe reshe a Manrobiya ta Laberiya tun 1948.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin zama ɗiyar ƙungiya yakan kai ɗaruruwa ko dubban dalar Amurka a zango guda, abin da yake rufe ƙofa ga ɗiyan talakawa. A 2013 jami'ar Alabama ta sha kunya da aka fallasa yadda wasu ƙungiyoyi suke ƙin karɓar baƙaƙen fata. Azabtar da sababbin shiga da sunan gwaji kuwa, musamman a ƙungiyoyin maza, ta ci rayuka har sai da aka sa hannu a kan dokar tarayya a kanta a watan Disamba na 2024. A maƙwabciya Najeriya ma, ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa suka kafa a Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya, an samu masu kwaikwayonta da suka rikiɗe ƙungiyoyin asiri, har da na mata zalla. Ranar 10 ga Yuli 1999 ƴan irin waɗannan ƙungiyoyi suka kashe ɗalibai 5 a jami'ar Ile-Ife. Darasin a fili yake: suna mai daɗi da riga iri ɗaya ba su ne shaidar alheri ba.

Abin da ɗiyar Adar da Ƙonni za ta taras

Jami'ar Yamai, wadda aka aza tubalinta a 1971 kuma take ɗauke da sunan Abdu Mumuni tun 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka buɗe na Tawa da Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Tawa, mai ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, ita ce mafi kusa da gida. A duk waɗannan wurare babu sororiti irin na Amurka, amma akwai abin da ya tsaya a madadinsu.

Na farko, USN da rassanta. Ita ce take kokawar bursu da ɗakin kwana da gidan abinci da motar ɗalibai. Makaranta ce ta koyon magana a gaban jama'a, kuma manyan ƴan siyasar ƙasar da dama a can suka yi wayo. Sai dai yajin karatu da taruka suna cin lokaci, kuma mata ba su cika yawa a kujerun gaba ba.

Na biyu, ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, waɗanda ake kira amikal. Su ne suke tarbar baƙo a tasha, su nuna masa inda ake rajista, su yi karo-karo ranar ciwo, su raka gawa gida in ta Allah ta kasance. Zumunta a ƙafa take, kuma nan ake ganinta. Illarsu ɗaya: labarin da aka yi a ɗaki yau, gobe yana kasuwar Ƙonni. Wadda kuma ta tsaya a nan kaɗai, sai ta gama jami'a ba ta yi ƙawa Bazabarma ko Babarbariya ko Buzuwa ba.

Na uku, ƙungiyoyin addini, irin su ta ɗalibai Musulmi, AEMN, da na ɗalibai Kirista. Suna shirya karatu da wa'azi da ziyarar asibiti da gidan kaso. Iyaye sun fi sakin jiki da su. Duk da haka ya kamata yarinya ta san malaman da ake bi, ta kuma lura ko ana ƙarfafa mata gwiwar gama karatunta.

Na huɗu, taron ƙawaye da ake kira foyandi, kalmar da ta fito daga Zabarmanci. Wuni ne ake yi bi da bi, a ci a sha, a zuba adashi, a yi anko ranar bikin ɗaya daga ciki. Shi ya fi kama da ƙawancen iyaye, shi ne kuma ya fi saurin cinye aljihu.

Ma'auni uku

Ma'auni na farko shi ne ƙawance. Ba ranar walima ake gane shi ba. Abin tambaya shi ne: da wata ta kwanta ciwo bara, wa ya kwana da ita a asibiti? Wadda ta faɗi jarrabawa, an ja ta a jiki ko an juya mata baya? Manya suna ba ƙanana takardun darasi, ko aike da wanki kawai suka sani? Wadda take so ta san gaskiyar ƙungiya, sai ta nemi wadda ta fita daga cikinta ta ji dalili. Kuma babu laifi a halarci taro biyu ko uku a matsayin baƙuwa kafin a rubuta suna. Cinikin biri a sama ba ya yin daɗi.

Ma'auni na biyu shi ne ɗabi'a, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Nan ne maganar kuɗi take shigowa. A ce zubin wata jika 3 ne, ga anko na jika 10 duk bayan wata biyu, ga gudummawar biki, ga kuɗin mota: kafin a ankara abin ya haura jika 10 a wata, alhali bursu yakan yi jinkiri, uba kuma sai ya sayar da albasa ko hatsi kafin ya aiko. Yarinyar da ta shiga tseren da ƙafarta ba ta kai ba, ɗayan biyu ne: ko bashi, ko karɓar kyautar da ke da igiya a gindi. Da yawa daga nan ne hanya take karkacewa. Don haka ya kamata a tambaya tun farko: nawa ake zubawa, wa ke riƙe da asusu, yaushe ake karanta lissafi, yaya ake zaɓen shugabanni, kuma wa ke ba ƙungiyar kuɗi daga waje? Tun dokar ranar 1 ga Maris 1984 aka shimfiɗa cewa ƙungiya sai da ƙa'idoji a rubuce da iznin hukuma. Ƙaramin taron ƙawaye ba ya buƙatar hatimin minista, amma yana buƙatar littafi. Duk inda aka nemi rantsuwar ɓoye sirri, ko taron dare da ba a so iyaye su sani, ko aka ce shiga da sauƙi amma babu fita, to gudu ya fi tsayawa.

Ma'auni na uku shi ne aikin taimako. Kowace ƙungiya tana rubuta shi a takardarta, amma kaɗan ne suke iya nuna inda suka yi shi. Rabon buhun shinkafa biyu a gaban masu ɗaukar hoto ashirin, talla ce. Aikin gaske ana gane shi da ɗorewa, da kuma cewa wanda aka yi wa shi ne yake ba da labari.

Aiki yana nan a ƙofar gida

Ɗalibar wannan yanki ba ta buƙatar ƙetare teku don neman abin da za ta taimaka a kai. Ga ƴan matan ƙauye da suka ci jarrabawar shiga kwaleji, aka kawo su Ƙonni ko Malbaza ko Illela aka ajiye su gidan mai masauki, inda wasu kan zama kamar ƴan aiki, har karatun ya gagara. Ɗalibar jami'a ɗaya da za ta riƙa leƙa su lokacin hutu, ta koya musu lissafi da Faransanci, ta zauna da iyayensu, tana iya tsayar da yarinya a aji har ta kai BEPC. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare ɗiya mace da ke karatu, amma doka ba ta da ƙafa, sai an kai ta gida gida. Ga asibitoci, daga na gwamnati har na Galmi da ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, inda mai haihuwa kan buƙaci jini cikin dare. Ga matan da ke fama da yoyon fitsari suna ɓoye a ɗaka, ba su san ana yin aikinsa a warke ba. Ƙungiyar Kurwa Ruj ta Nijar, wadda take aiki tun 1963, tana horar da ƴan sa kai a kan taimakon gaggawa.

Yankin nan ya ma riga ya ga abin da ƙungiya mai manufa take iya yi. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240, ta zama wahayya a ƙasar Ƙonni. Da ta nemi ƴancinta, ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 kuma sunanta ke nufin ƴan'uwantaka da Buzanci, ita ce ta tsaya mata tare da wasu ƙungiyoyin waje. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Mace ɗaya da ba ta taɓa shiga aji ba ta kai ƙasa guda gaban alƙali, domin ta samu waɗanda ba su sake ta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Hana yarinya shiga kowace ƙungiya ba kariya ba ce, domin wadda ba ta da kowa ita ta fi saurin faɗawa hannun ko wane ne. Abin da ya fi shi ne a tambaye ta da wa take zama, a san sunayen ƙawayenta, a gayyace su gida lokacin hutu, a ga irin tarbiyyarsu. Tsofaffin ɗalibai mata kuwa, waɗanda yau suke malamai da ungozomomi da ma'aikata a Ƙonni da Malbaza da Illela, su ne ya kamata su zama jajin wannan zamani: su tara waɗanda suka ci bak kafin tafiya, su faɗa musu abin da su ba a faɗa musu ba.

Shekarun jami'a uku ne ko biyar, sai su wuce. Ƙawayen da aka yi a cikinsu kuwa su ne za a gani ranar aure, da ranar neman aiki, da ranar makoki. Saboda haka wadda za ta zaɓa, ta zaɓa ido buɗe, ta auna da ƙawance da ɗabi'a da aikin da ake iya nunawa. Allah ya haɗa ɗiyan jama'a da abokan zama na gari, ya maido su gida da abin da aka tura su nema.